YADDA MASU NUTSO KE TSARE RAYUKAN JUNA A ƘARƘASHIN TEKU

Da asubahin ranar 26 ga watan Mayu, 2013, wani jirgin ruwa mai jan manyan jirage, mai suna Jascon-4, ya kife a cikin teku kimanin kilomita 30 daga gaɓar Escravos ta Jihar Delta, sa'ad da igiyar ruwa mai ƙarfi ta buge shi yana cikin aikin riƙe wata tankar mai. Mutum 12 ne a cikinsa. Jirgin ya nutse har ƙasa, ya kwanta a kife a zurfin kimanin mita 30, kuma babu wanda ya yi zaton akwai sauran mai numfashi a ciki. Saboda haka masu nutson da aka aika wurin sun sauka ne da niyyar ɗauko gawawwaki kawai.

A rana ta uku, watau 28 ga watan, wani mai nutso ɗan Afirka ta Kudu, Nico van Heerden, yana lalube cikin ɗakunan jirgin da tocilarsa, sai ya ga hannun mutum cikin duhun ruwa. Ya kai nasa hannun da tsammanin wata gawar ce, sai hannun nan ya damƙe shi. Mai hannun shi ne kukun jirgin, Harrison Okene, ɗan shekara 29, wanda ya shafe kimanin sa'a 60 a maƙale cikin wani ɗan lungu inda iska ta taru, babu abinci, babu haske, ruwan sanyi kuma na ta cin jikinsa. Shi kaɗai ne ya tsira daga cikin mutum 12.

Wannan damƙar hannu ita ce maganar farko da ta shiga tsakanin mutanen nan biyu, kuma ita ta ceci rai. Daga nan shugaban aikin, wanda ke bisa jirgin ceto yana kallon kome ta kyamarar da ke kan hular mai nutson, ya riƙa ba da umurni ta waya, har aka sanya wa Okene hular nutso, aka kwantar masa da hankali, aka bi da shi sannu a hankali zuwa waje. Abin da ya faru a wannan rana ya nuna babban ginshiƙin sana'ar nutso, watau cewa a ƙarƙashin ruwa ran mutum yana rataye ne ga iya isar da saƙo da kuma samun wanda ke lura da shi.

Wurin da baki ba ya aiki

Nutso tsohuwar sana'a ce, amma irin wanda mutum zai goya tukunyar iska a baya ya yi ta yawo cikin ruwa kamar kifi, wanda a ke kira sukuba, bai bunƙasa ba sai daga shekarar 1943. A wannan shekara ce wani hafsan sojan ruwa na Faransa, Jacques-Yves Cousteau, da wani injiniya mai suna Emile Gagnan suka ƙera na'urar da ke sakar wa mutum iska daga tukunya daidai lokacin da ya ja numfashi, kuma daidai da nauyin ruwan da ke kansa. An sayar da ita da sunan Aqua-Lung. Kafin wannan, mai nutso ya kan sa ƙatuwar hular tagulla ne, ana tura masa iska ta mesa daga sama, da igiya ɗaure a ƙugunsa. Sabuwar na'urar ta 'yantar da shi daga mesa da igiya, amma kuma ta raba shi da mutanen da ke riƙe da shi daga sama. Wannan giɓi shi ne ƙungiyoyin nutso suka cike da dokar tafiya biyu-biyu.

Dalilin da ya sa magana ba ta yiwuwa a fili ya ke, domin bakin mai nutso yana cike da robar da ya ke shaƙar iska ta cikinta, kuma ko da ya cire ta, abin da zai fito kumfa ne da gurnani. Kunne ma ba abin dogara ba ne. Sauti yana gudun kimanin mita 340 cikin daƙiƙa ɗaya a sarari, a cikin ruwan teku kuwa kimanin mita 1,500, watau fiye da ninki huɗu. Saboda wannan sauri, ƙara ta kan isa kunnuwa biyu kusan a lokaci guda, mutum ya ji ta sarai amma ya kasa gane ta inda ta fito. Mai nutso zai ji rurin injin kwalekwale, amma ba zai san ko a kansa ya ke ko a bayansa ba.

Ido shi ma yana da nasa ruɗin. Ta cikin gilashin fuska abubuwa su kan yi kamar sun ƙara girma da kashi ɗaya cikin uku, su kuma yi kamar sun fi kusa. Gilashin yana toshe gefen ido, ta yadda wanda ke iyo daura da mutum zai iya ɓacewa ba a lura ba, sai an juya kai gaba ɗaya. Launuka kuma su kan dushe bi da bi. Ja shi ke fara ɓacewa tun daga 'yan mitoci kaɗan, har jinin rauni ya kan yi kama da kore ko baƙi a can ƙasa. In kuwa ƙafa ta tayar da laka, ko ruwan dama gurɓatacce ne kamar na bakin kogunan Neja Delta, mutum ba ya ganin tafin hannunsa.

Dokar biyu-biyu

Manyan ƙungiyoyin koyar da nutso na duniya, irin su BSAC ta Ingila da aka kafa a 1953, da CMAS da aka kafa a Monako a 1959 wadda Cousteau ya fara shugabanta, da PADI ta Amurka da aka kafa a 1966, duk suna fara koyar da ɗalibi ne da nutso tare da aboki. Mutum biyu su kan shiga ruwa tare, su zauna kusa da juna, su fito tare, kowanne kuma yana ɗauke da alhakin ɗan'uwansa. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, to a nan maganar ta wuce karin magana, ta zama ƙa'idar aiki.

Aikin abota yana farawa tun a tudu. Kafin a taɓa ruwa, abokan biyu su kan zauna su shirya tafiyar: zurfin da ba za a wuce ba, mintocin da za a yi, wanda zai ja gaba, yawan iskar da in ta rage za a juyo, da abin da za a yi in an rabu. Sa'an nan kowanne ya duba kayan ɗan'uwansa. Ya gwada rigar da a ke hura wa iska don daidaita nauyi a ruwa, ya ga tana cika tana kuma sacewa. Ya duba ɗamarar darma, ya san yadda a ke kwance ta da hannu ɗaya in ta ɓaci. Ya tabbata an buɗe tukunyar iska sosai, ya ja numfashi ta robar yana kallon allurar ma'auni. Wannan dubawa ba ta wuce 'yan mintoci, amma sau da yawa a nan a ke kama kuskuren da zai iya zama ajali, kamar tukunyar da aka manta ba a buɗe ba.

A cikin ruwa, an fi son abokai su yi iyo kafaɗa da kafaɗa, domin in ɗaya na gaba ɗaya na baya, na gaban ba ya ganin abin da ya sami na bayan. Tazarar da ke tsakaninsu kuwa ruwan ne ke yanke ta. In garau ya ke, 'yan mitoci kaɗan sun isa, in kuwa ya gurɓace, sai a matso har hannu ya iya kaiwa, ko a riƙe gajeriyar igiya tsakani. Ma'aunin da malaman nutso ke ba ɗalibai mai sauƙi ne: mutum ya tambayi kansa, in iskarsa ta yanke a daidai lokacin da ya fitar da numfashi, zai iya isa ga abokinsa kafin ya shaƙe? In amsar a'a ce, to sun yi nisa da juna.

Harshen hannu

Da ya ke baki ya rufu, sai hannu ya karɓi aikinsa. Akwai alamomi da masu nutso na ƙasashe dabam-dabam suka yi tarayya a kansu, ta yadda Bafaranshe da Bajapane za su fahimci juna ko da ba su taɓa jin harshen juna ba. Uwar alamomin ita ce haɗa babban yatsa da manuniya su yi zobe, sauran ukun a miƙe. Ita ce tambaya, ita ce kuma amsa: lafiya? lafiya lau. Ƙa'ida ce cewa duk alamar da aka yi wa mutum sai ya mayar da ita. Wanda aka tambaya bai amsa ba, ɗauka a ke yi yana cikin matsala, sai a matsa kusa da shi nan da nan.

Inda sababbin ɗalibai suka fi yin kuskure shi ne ɗaga babban yatsa sama. A tudu wannan na nufin abu ya yi kyau, amma a cikin ruwa ma'anarsa a hau sama, nutso ya ƙare. An sha ganin ɗalibin da kifaye suka burge ya ɗaga wa malaminsa yatsa don murna, malamin kuwa ya kamo hannunsa su hawo. Juya yatsan ƙasa na nufin a sauka. Shimfiɗa tafin hannu a karkaɗa shi gefe da gefe na nufin akwai abin da ba daidai ba, sa'an nan a nuna wurin, ko kunne ne, ko ciki, ko wani abu cikin kaya. Ɗaga tafin hannu a nuna wa mutum na nufin ya tsaya, kuma ya kamata Bahaushen da ya shiga wannan sana'a ya sani cewa yatsun a haɗe su ke, kada ya ɗauka daƙuwa aka yi masa. Nuna idanu da yatsa biyu na nufin duba, jera manuniya biyu kuwa na nufin a koma kusa da aboki.

Alamomin iska su ne mafiya nauyi. Tukunyar da aka cika ta kan ɗauki kimanin awo 200 na ma'aunin matsi da a ke kira bar, kuma al'adar masu nutson shaƙatawa ce su kasance sun fito da sauran awo 50. Aboki ya kan buga yatsa biyu a tafin hannunsa don tambayar iskar da ta rage, ɗayan kuma ya duba ma'auni ya amsa da yatsu. Dunƙule hannu a ɗora a ƙirji na nufin iska ta yi ƙasa. Gitta hannu a maƙogwaro kamar mai nuna yanka kuwa na nufin iska ta ƙare ƙaf, kuma babu alamar da ta fi wannan gaggawa. A bisa ruwa ma akwai nasu: ɗora hannu a tsakar ka na gaya wa mutanen jirgi cewa lafiya, kaɗa hannu sama da ƙasa kuwa neman agaji ne. Saboda haka a ke gargaɗin masu nutso kada su ɗaga wa mutanen jirgi hannu da sunan gaisuwa.

Akwai kuma wata ƙa'ida da masu nutson kogo suka fi riƙo da ita, cewa kowa na da ikon tsai da nutso a kowane lokaci, bisa kowane dalili, ba tare da an tuhume shi ba. Da zarar ɗaya ya ɗaga babban yatsa, ba a gardama, sai a hawo. Hikimar ita ce a kawar da kunya, domin kunyar a ce mutum ya ji tsoro ta sha kai mutane inda ƙarfinsu bai kai ba.

Tocila, igiya da allo

Da dare, ko cikin kogo, ko cikin jirgin da ya nutse, hannu ba ya ganuwa, sai a koma ga tocila. Zana da'ira da hasken na nufin lafiya, girgiza shi da sauri kuwa kira ne na gaggawa. Ba a haska idon aboki, domin zai ɗauki lokaci bai ga kome ba. Muddin mutum na ganin hasken tocilar ɗan'uwansa yana yawo a gabansa, ya san yana nan a baye. Don jawo hankalin wanda ya juya baya, a kan ƙwanƙwasa tukunya da wuƙa ko wani ƙarfe. In maganar ta fi ƙarfin alama, akwai ɗan allon roba da fensir da a ke rubutu a kai cikin ruwa.

Igiya kuwa ita ce tsohuwar hanya, kuma duk wanda ya taɓa ganin mai yasar rijiya yana girgiza igiya don a ja guga ya san tushen abin. Tsarin ya bambanta daga wannan rundunar ruwa zuwa waccan, amma a yawancinsu fizga ɗaya tambayar lafiya ce, a kuma amsa da fizga ɗaya, fizga huɗu kuwa ta shafi hawowa. Masu nutson kamfanonin mai, irin waɗanda suka ceci Okene, suna da waya a cikin hularsu, wadda ke bi ta wata dunƙulalliyar igiya tare da mesar iska da ta ruwan ɗumi. Igiyar cibiya su ke kiranta, kuma sunan ya dace. Da ya ke a zurfi mai yawa su kan shaƙi iskar da aka gauraya da hiliyam, muryarsu ta kan siranta ta zama kamar ta agwagwa, sai an bi da ita ta wata na'ura kafin na sama su gane abin da su ke faɗi.

Mayen zurfi

Mai karatu zai iya tambaya, in mutum gwani ne kuma kayansa lafiya lau, mene ne amfanin wani ya riƙa kallonsa? Amsar tana cikin abin da nauyin ruwa ke yi wa jiki. Kowace mita 10 da aka sauka, matsin da ke kan mutum yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar duniya baki ɗaya. A mita 10 ya ninka biyu, a mita 30 ya ninka huɗu, kuma haka cin iska ke ninkawa, ta yadda tukunyar da za ta yi sa'a guda a sama ba za ta wuce minti 15 a mita 30 ba. Abin da ke cikin tukunyar masu nutson shaƙatawa iska ce irin wadda kowa ke shaƙa, kashi 21 cikin ɗari oksijin, kashi 78 naitirojin. Daga wajen mita 30, wannan naitirojin ya kan fara juya hankali kamar abin maye. Mutum ya ji daɗi ba dalili, ko tsoro ya kama shi, lissafi ya gagare shi, ya kalli ma'auni ya kasa fahimtar abin da ya gani. Mugun abin shi ne wanda mayen ya kama ba ya sanin ya kama shi. Abokinsa ne zai ga ya yi jinkirin amsa alama, ko yana ta sauka ba tare da dalili ba, ya kamo shi su hawo 'yan mitoci, nan take kuwa hankali ya komo.

Cousteau da mutanensa sun koyi wannan darasi da tsada. A watan Satumba na 1947, a gaɓar Toulon, wani gwanin nutso na sojan ruwan Faransa, Maurice Fargues, ya sauka shi kaɗai yana bin igiya don gwada iyakar zurfin da za a iya kaiwa da sabuwar na'urar. Yana fizgar igiya don shaida wa na sama yana lafiya, sai fizgar ta tsaya. Ko da aka jawo shi, robar iska ta fita daga bakinsa, kuma ba a samu an farfaɗo da shi ba. An tarar ya sa alamarsa a allon da ke mita 120. A yau iyakar da ƙungiyoyi da yawa suka sa wa masu nutson shaƙatawa ita ce mita 40, sabon ɗalibi kuwa mita 18.

Hawowa ma tana da nata haɗarin. Wanda ya riƙe numfashi yana hawowa, iskar da ke huhunsa za ta kumbura har ta yaga shi. Wanda kuma ya hawo da gaggawa bayan ya daɗe a ƙasa, naitirojin da ya narke a jininsa zai taso da kumfa, kamar yadda kwalbar lemo ke yi in an buɗe ta farat ɗaya, abin da ke jawo ciwon gaɓoɓi mai tsanani, ko shanyewar jiki, ko mutuwa. Shi ya sa a ke hawowa a hankali, a kuma dakata minti 3 a zurfin mita 5. Shi ya sa kuma ba a fito da Okene kai tsaye ba, sai da aka sa shi cikin ɗakin ƙarfe na musamman aka yi kwanaki ana sassauta masa matsi. Firgitaccen mutum ba ya tuna ko ɗaya daga cikin waɗannan dokoki, burinsa kawai ya ga sama. Labarin zuciya a tambayi fuska: aboki mai lura zai ga idanu sun firfito ta cikin gilashi, kumfa na fita ba ƙaƙƙautawa, ya riƙe shi, ya dube shi ido da ido har numfashinsa ya daidaita.

In iska ta ƙare, in aboki ya ɓace

A zamanin farko, in iskar ɗaya ta ƙare, roba guda su ke karɓa-karɓa, kowa ya ja numfashi biyu ya miƙa. Wannan na bukatar natsuwar da ba kowa ke da ita ba a bakin mutuwa. Yanzu kowane mai nutso na ɗauke da roba ta biyu, galibi ruwan ɗorawa don a gan ta da sauri, wadda ya ke ajiyewa saboda ɗan'uwansa. Masu shiga kogo kuwa su kan kasa iskarsu uku: kashi ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya kuma ajiya ce don abin da ka iya tasowa. In an rabu, dokar da aka fi koyarwa ita ce a duba ko'ina na minti ɗaya kacal, in ba a ga juna ba kowa ya hawo a hankali, a haɗu a sama.

Ranar 18 ga Satumba, 2012, a Tekun Arewa, gabas da birnin Aberdeen, wasu masu nutso biyu, Chris Lemons da Dave Yuasa, suna gyara a wata rijiyar mai a zurfin kimanin mita 90, sai na'urar da ke tsai da jirginsu wuri guda ta lalace, jirgin ya fara tafiya da su. Igiyar cibiyar Lemons ta sarƙe a jikin ƙarafa ta tsinke, ya rasa iska da haske da ɗumi da waya a lokaci guda, sai 'yar iskar ko-ta-kwana ta 'yan mintoci. Abin da ya yi cikin wannan duhu shi ne ya lalubi hanya ya hau saman ƙarafan, inda ya san nan za a fara nemansa. Bayan kimanin rabin sa'a jirgin ya komo, Yuasa ya sauka ya ɗauko shi a sume, abokin aikinsu Duncan Allcock ya hura masa numfashi, ya farfaɗo.

Amma ba kullum a ke dacewa ba. A 2018, lokacin aikin ceto yara 12 'yan ƙwallo da kocinsu daga kogon Tham Luang na ƙasar Tailan, inda ruwa ya rutsa da su tun 23 ga Yuni har Turawan Ingila biyu, John Volanthen da Rick Stanton, suka gano su ranar 2 ga Yuli, ruwan ya yi duhun da sai da igiya a ke bin hanya. Ranar 6 ga Yuli wani tsohon sojan ruwan Tailan, Saman Kunan, ya suma a kan hanyarsa ta komowa daga kai tukwanen iska. Abokin nutsonsa ya yi iyakar ƙoƙarin farfaɗo da shi, amma rai ya yi halinsa. An fito da yaran da kocin duka da ransu tsakanin 8 da 10 ga watan.

Lura ba ta ƙarewa a kan abokai biyu kaɗai, har da mutanen jirgi. Ranar 25 ga Janairu, 1998, wasu ma'aurata 'yan Amurka, Tom da Eileen Lonergan, sun yi nutso tare a gaɓar Queensland ta Ostareliya, suka hawo suka tarar jirgin da ya kawo su ya tafi, saboda an yi kuskuren ƙidayar fasinja. Sai bayan kwana biyu aka lura ba su nan, kuma ba a sake ganinsu ba. Bayan watanni aka tsinci allon nutsonsu ɗauke da rubutun neman agaji. Wannan ya sa hukumomin jihar suka tsaurara dokar ƙidayar mutane kafin jirgi ya tashi.

Abokin suna da abokin gaskiya

Tsarin biyu-biyu yana da masu sukarsa, kuma sukar tana da tushe. A jiragen 'yan yawon buɗe ido a kan haɗa mutum da baƙon da bai taɓa gani ba, kowa ya shiga ruwa ya kama gabansa. Mai ɗaukar hoto ya kan shagala da kifi ya manta da ɗan'uwansa. Wani kuma ya kan shiga zurfin da ya fi ƙarfinsa don ya dogara ga gwanintar abokinsa, in ta ɓaci ya ja su duka biyu. Saboda haka tun daga ƙarshen shekarun 1990 wasu makarantu suka fara koyar da ƙwararru nutson mutum ɗaya, da sharaɗin ya ɗauki tukunya ta biyu mai zaman kanta. Amma ko waɗannan ba su ce a yar da abota ba. Abin da su ke cewa shi ne sai mutum ya iya tsare kansa kafin ya iya tsare wani, kuma aboki na suna kawai ya fi rashin aboki haɗari, domin yana sa mutum ya saki jiki.

Ga ɗaliban da ke sha'awar wannan sana'a, wadda ke da kasuwa a wuraren haƙar mai na teku da tashoshin jiragen ruwa, abin da za a fara nema gare su bayan lafiyar jiki shi ne natsuwa da bin ƙa'ida. Ga sauran jama'a kuwa, musamman samarin da ke zuwa iyo a kududdufai da madatsun ruwa, darasin ɗaya ne: kada mutum ya shiga ruwa mai zurfi ba tare da wanda idonsa ke kansa ba, domin wanda ruwa ke ci galibi ba ya samun bakin yin kururuwa.

Shi kuwa Harrison Okene, wanda bayan tsirarsa ya daɗe yana fama da mugayen mafarkai, bai guje wa teku har abada ba. A 2015 ya kammala koyon aikin nutso ya karɓi takardar shaida, ya shiga sahun mutanen da ke sauka ƙarƙashin ruwa biyu-biyu, kowanne yana lura da numfashin ɗan'uwansa.